Gidan Kwalin da Kafinta Ya Ƙera: Ina Aka Kwana a Batun Koyarwa ta Hanyar Furojet?

Wata ranar Alhamis a bara, ɗiyar ƙanena da ke aji biyar na firamare ta dawo gida da 'yar takarda a hannu. An ba su furojet: kowa ya zo da gidan kwali ranar Litinin, maki 20. Uwarta ta juya bayan takardar ko akwai ƙarin bayani, babu ko harafi. Ranar Asabar uban ya hau babur ya nufi wurin wani kafinta a bakin kasuwa, sai ya tarar ashe an riga shi. Gidaje uku na jere a kan benci suna shan iska, fenti bai gama bushewa ba. Aka yi ciniki naira dubu huɗu. Gida ya fito tsaf, har da tagogin leda da ɗan tankin ruwa a sama. Yarinya ta ci 19 cikin 20. Da na tambaye ta abin da ta koya, sai ta yi ɗan tunani ta ce, "Baffa, in za a ɗauke shi a adaidaita sai an riƙe rufin."

Wannan shi ne furojet ɗin da yawancinmu muka sani, kuma shi ya sa idan masana ilimi suka fara zancen koyarwa ta hanyar furojet sai iyaye su dafe aljihu. Amma abin da masanan ke nufi daban yake da gidan kwali, nesa ba kusa ba. A tsarin da muka saba, malami yakan gama darasinsa a allo, a yi gwaji, sannan a ƙarshen zango a ce kowa ya je gida ya yo wani abu da za a jera a kan tebur ranar da iyaye za su zo. A tsarin da ake magana a kai, aikin shi ne jakin da ke ɗauke da darasin tun daga farko. Ana farawa da tambaya ta gaske wadda yara ba su san amsarta ba, a shafe makonni ana bin ta a cikin lokacin darasi, malami na tsaye a kai, kuma ba yadda za a yi a kai ga amsar sai an bi ta kan abin da manhaja ta ce a koyar. Namu jakin mukan yi masa ado ne mu sake shi ba kaya.

A ce wata ƙaramar sakandare ce da ruwa ke kwanciya a ƙofarta duk damina, yara na ɗage wando suna tsallakawa. Malamar lissafi da malamin kimiyya sai su haɗa kai su ba 'yan aji biyu tambaya ɗaya: daga ina ruwan nan yake zuwa, kuma nawa za a kashe ya daina kwanciya? Yara su ɗauko tef su auna rufin ajinsu, su samu tsawo mita 10, faɗi mita 8. A nan malama za ta tsayar da kowa ta koyar da yadda ake fitar da faɗin fili, da alli a allo kamar kullum, sai dai yau babu mai tambayar amfanin abin. Su yanke gorar roba su yi ma'aunin ruwan sama su ajiye a fili. Washegarin ruwa su tarar da milimita 30. Tunda milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, rufin ajinsu kaɗai ya zubo lita 2,400 a dare guda. Jarka 96 ke nan ta lita 25, kura takwas ta 'yan ga-ruwa in kowace na ɗaukar jarka 12. Yaron da ake aika sayen ruwa kullum, da ya ji wannan adadi zai gyara zama. Daga nan malamin kimiyya ya sa a ɗebo ruwan kwatamin a kwalba a rufe bakinta da tsumma, a riƙa duba tsutsar da ke wutsil-wutsil a ciki har ta zama sauro, a rubuta kwanakin. Wasu su je wurin birkila su tambayo kuɗin bulo da siminti da tifar yashi. A ƙarshe su rubuta wasiƙa zuwa ga mai unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, su tsaya gaban manya su kare lissafinsu. Ko ba a gina lambatun ba, an koyar da faɗi da ƙunshi da rayuwar sauro da rubuta wasiƙar hukuma, kuma ba a kashe abin da ya kai kuɗin gidan kwali ɗaya ba.

Kyan abin ke nan a takarda. Tarihinsa kuwa ya fi haka ƙura.

Tunanin ba sabo ba ne. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1896, inda yara ke girki da saƙa da aikin katako, ana ciro lissafi da kimiyya da tarihi daga cikin ayyukan. Ɗalibinsa William Heard Kilpatrick na kwalejin horon malamai ta Jami'ar Kolombiya shi ne ya yayata salon da wata maƙala da ya fitar a 1918, wadda ta bazu a hannun malamai sosai. Sai dai Kilpatrick ya karkata ga cewa sha'awar yaro ita ce jagora, mabiyansa kuma suka ƙara gishiri, har wasu makarantu suka koma yaro ya yi abin da ya ga dama. Dewey da kansa, a 1938, ya fito ya ja kunnen masu fakewa da sunansa, ya nuna cewa ba kowane aiki ne ke ilimantarwa ba, kuma sakin yara ba tsari ba shi ne 'yanci ba.

Inda aka fi gwada abin da ƙarfin hukuma shi ne Tarayyar Sobiyet. A shekarun 1920 aka rage wa darussa irin su lissafi da nahawu matsayinsu na kansu, aka tara karatu a ƙarƙashin manyan jigogi, aka riƙa tura yara rukuni-rukuni masana'antu da gonaki. A watan Satumba na 1931 kwamitin ƙoli na jam'iyyar kwaminis ya fitar da umarni ya yi tir da salon, bisa hujjar cewa makarantu na yaye yaran da ba su da tushen da za su shiga kwalejojin fasaha da jami'o'i. Aka koma aji da allo da jarrabawa. A Indiya, Gandhi ya gabatar da nasa tsarin a taron Wardha na 1937, inda ya so kaɗin auduga ya zama cibiyar karatun yaro, ya koyi ƙirga ta hanyar auna zare, ya koyi tarihi da labarin ƙasa ta hanyar bin sawun audugar. Masu suka suka ce ai an mai da yara leburori ke nan, tunda ana sa ran sayar da zaren ya taimaka wajen riƙe makaranta. A Tanzaniya kuma Julius Nyerere ya kawo manufar ilimi don dogaro da kai a 1967, makarantu suka buɗe gonaki. Amma jarrabawar takarda ce ta ci gaba da yanke wanda zai wuce sakandare, don haka malamai da iyaye suka ɗauki gona a matsayin wahala ta gefe, karatu na gaske yana cikin aji.

Mu ma mun taɓa. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Sannan tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, wanda ya samo asali daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka fara aiki da shi a 1982, an gina shi ne a kan alkawarin cewa yaron da ya gama ƙaramar sakandare zai fita da abin yi a hannunsa. Aka sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba. Da yawa suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da aka horar ya kunna su. Ni dai a tawa makarantar, zarto da sauran kayan kafinta a littafi muka zana su, muka sa musu suna da kibiya. Gonar makaranta kuwa mun yi mata sharar gona da shuka da noman farko da maimai, ba wanda ya taɓa sa mu auna tazarar shuka ko mu kwatanta kunyar da aka sa wa taki da wadda ba a sa ba. Da aka cire gyaɗar ma ba mu ga inda ta bi ba.

Abin da ya haɗa waɗannan labarai shi ne yadda aikin ke rabuwa da ilimin cikin sauƙi. Hannu na aiki, gumi na zuba, mai kallo daga nesa ya ga yara sun duƙufa, amma kai bai ɗauki komai ba. Shi ya sa ban yarda da masu cewa matsalarmu kawai ita ce haddar da ta yi yawa, da an ba yara aikin hannu shi ke nan an warke ba.

A 2006 wasu masana uku, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, suka fitar da wata maƙala da ta tayar da ƙura a fagen, inda suka soki duk salon koyarwar da ke barin ɗalibi ya gano abu da kansa ba tare da cikakkiyar jagora ba. Hujjarsu a kan yadda ƙwaƙwalwa ke aiki take. Ɗan Adam ba ya iya riƙe sababbin abubuwa masu yawa a lokaci guda. Gwani yana kallon matsala ya ga hanya saboda ya tara sani a ajiye, shi kuwa sabon shiga duk ƙarfinsa yakan ƙare a lalube, ya gaji bai riƙe komai ba. Masu goyon bayan salon na yawan buga misali da makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada, wadda tun 1969 take koyarwa ta hanyar ba ɗalibai matsalar majiyyaci su warware. To amma waɗancan manya ne da suka zo da karatu a kansu, ba 'yan aji huɗu da har yanzu ke haɗa baƙi ba.

Wannan suka ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zama a shagon tela. Masu tallata furojet a wajenmu sukan ce ai dama haka kakanninmu ke koyar da sana'a, da yi ake koyo. Haka ne, amma a duba yadda ake yin. Yaron da aka kai gaban tela ba a miƙa masa shaddar mutane da almakashi ranar farko a ce ya bincika. Zai yi watanni yana guga da sa maɓalli, sannan kalmasa, sannan a bar shi ya hau keke a kan ƙyallen da ba a so. Yanka shi ne na ƙarshe, kuma ko ranar da zai fara, maigida na tsaye a kansa da alli. A maƙera ma daga zuga ake farawa, yaro na jan zugazugi yana kallon launin ƙarfe har idonsa ya san lokacin da za a fitar da shi, kafin a taɓa ba shi masaba. Aikin na gaske ne, mai kaya na jira, kuskure na da tsada, amma an yanka shi gunduwa-gunduwa daidai bakin mai koyo, kuma gyara na zuwa nan take. Idan akwai abin da aji zai aro daga shago, wannan tsari ne da tsayuwar maigida, ba riƙe guduma kaɗai ba.

Binciken baya-bayan nan ma can ya nufa. A Ingila, wata gidauniya mai gwada dabarun koyarwa ta fitar da rahoto a 2016 kan gwajin da aka yi da 'yan shekarar farko ta sakandare. Ba a ga wani ci gaba bayyananne a karatu da rubutunsu ba, har ma akwai alamun cewa 'ya'yan marasa ƙarfi sun ɗan ja baya, ko da yake makarantu da dama sun janye kafin a kammala, abin da ya sa masu binciken suka ce a riƙe sakamakon da taka-tsantsan. Janyewar ita kanta labari ce, domin ta nuna nauyin da abin ke ɗora wa makaranta. A Amurka kuma, a 2021, masu bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka ba da rahoton gwajin da aka yi a manyan azuzuwan sakandare a darussan gwamnati da kimiyyar muhalli. Cikin kowane ɗalibi 100, an samu ƙarin kimanin 8 da suka ci jarrabawar ƙasa a azuzuwan furojet fiye da sauran, har da 'ya'yan talakawa. Ya kamata a san cewa gidauniyar ilimi ta George Lucas, wadda dama ke goyon bayan salon, ita ta ɗauki nauyin binciken. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da aka ba malaman: ayyukan da ƙwararru suka riga suka tsara daki-daki a kan abin da jarrabawa za ta tambaya, da horo, da masu bibiyarsu cikin shekara. Ba takardar umarni aka aiko musu daga ma'aikata aka ce daga Litinin kowa ya fara ba.

To a kawo wannan ajinmu. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. A makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu ajin da ya haura ɗari ba abin mamaki ba ne. Raba yara 100 rukuni na biyar-biyar, ka samu rukuni 20, darasi kuma minti 40 ne. Minti biyu ke nan ga kowane rukuni, in ba a kira suna ba, ba a tsawata wa kowa ba. Ga jadawalin darussa na mako-mako da sufeto zai zo ya duba an cike, ga WAEC da NECO da JAMB na jira, su kuwa ba ruwansu da lambatun ƙofar makaranta. Malamin da ke fita daga aji ya hau babur ya yi haya don cike giɓin albashi, yaushe zai zauna da abokin aikinsa su tsara aikin mako uku? Duk wanda ya yi maganar furojet bai taɓo waɗannan ba, bai shiga aji ba da daɗewa.

Akwai kuma ciwon aikin rukuni, wanda duk wanda ya yi makaranta ya sani: mutum ɗaya ya yi, huɗu su sa suna. Galibi mai Turancin ne ke riƙe biro, sauran su zama 'yan rakiya, kuma 'yan rakiyar nan su ne dai waɗanda aka ce salon zai taimaka wa. Maganinsa ba boyayye ba ne, sai dai yana cin lokaci. Kowane yaro da nasa littafin da yake rubuta awonsa da lissafinsa da hannunsa, a bar su su yi gardamarsu da Hausa tunda da ita suke tunani, ranar gabatarwa kuma malami ne zai nuna wanda zai amsa, ba rukuni ba. Makin ya fi yawa a kan abin da yaro ya iya bayani da bakinsa, kaɗan a kan kyan abin da aka ɗora a tebur. Da an yi haka kasuwar kafinta ta mutu da kanta, haka ma ta masu shagon kwamfuta da ke kwafo shafuka daga intanet su buga wa yara, sana'ar da ke bin ɗalibi har jami'a, inda furojet ɗin shekarar ƙarshe ya zama haja mai farashi a bakin ƙofar makarantu.

A nan misalin Finlan yana da amfani, saboda an yi masa ƙarya da yawa. Lokacin da sabuwar manhajarsu ta fara aiki a 2016, labari ya zagaya duniya cewa sun soke darussa gaba ɗaya. Ba su soke ba. Lissafi na nan, tarihi na nan, kowanne da sa'o'insa. Abin da aka wajabta shi ne kowane ɗalibi ya samu aƙalla aiki ɗaya a shekara wanda ya haɗa darussa daban-daban a kan jigo guda. Ƙasar da malaman firamarenta ke da digiri na biyu, azuzuwanta kuma ƙanana, ita ce ta tsaya a aƙalla ɗaya a shekara. A ganina makarantarmu da ta yi guda ɗaya mai kyau a zango, na mako biyu ko uku, a kan batun da dama yana cikin jadawali, da kayan da ke tsakar makaranta, ba a karɓi ko kwabo daga iyaye ba, ta yi abin a yaba. Kuma a azuzuwan farko na firamare, inda yaƙin shi ne yaro ya iya karatu da ƙirga, ban ga dalilin taɓa lokacin wannan ba.

Sababbin darussan sana'a da ake ƙara sakawa a manhaja, irin su haɗa wutar sola da gyaran waya da kiwo, ba su ne za su warware wannan da kansu ba. Sana'a ma ana iya koyar da ita a allo a haddace ta, kamar yadda aka koya wa dubban yara kwamfuta da zanenta. Haka kuma malamin Hausa da ba shi da komai sai alli zai iya sa 'yan ajinsa su tattaro sunayen unguwannin garinsu daga bakin tsofaffi, su binciko asalin kowanne, su kwatanta ruwayoyin da suka saɓa, su rubuta ɗan littafi da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu. Wannan furojet ne cikakke, ba ƙusa ba fenti.

Gidan kwalin nan yana nan a saman durowa, rufin ya ɗan karkace. A hutun da ya wuce na ba yarinyar tef na ce ta auna ɗakin uwarta ta zana shi a takarda, kowace mita ɗaya ta zama santimita biyu. Zanen farko ƙofa ta fi gado faɗi. Na biyu ta manta taga. A na uku ta daɗe shiru, ta fita waje ta auna bangon ta baya, ta dawo ta sake aunawa ta ciki, sannan ta zo ta tsaya a kaina da tef a wuya.

"Baffa, ta waje ya fi ta ciki tsawo. Wanne zan rubuta?"

Na ce ta ɗauko takalminta, akwai masu gini a bayan layinmu, mu je ta auna kaurin bulo ɗaya.